Ba Kowane Zazzaɓin Bazara Ne Maleriya Ba



Bazara ta kankama, kuma duk likitan da ke aikin dare ya san abin da take zuwa da shi: yara masu ƙyanda, masu gudawa da amai saboda rijiyoyi sun ja baya ana shan ruwan da aka samu, tsofaffin da zafi ya ƙarar wa ruwan jiki, sai uwa uba sanƙarau. Amma mu a Fassi da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano suna ɗaya muke kiran kowane zazzaɓi da shi, wato maleriya. A je kemis a sayo magani, a jira kwana biyu, sai abu ya ci tura a ɗauko mara lafiya da tsakar dare.

A ganina wannan jiran yana taya cuta kisa. Sauro da damina yake cin kasuwarsa. Daga Maris zuwa Mayu, in ba gidanku na kusa da fadama ba, ya kamata a fara zargin wani abu daban. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata hanci da maƙogwaro, ga mutum takwas a ɗaki ɗaya an toshe taga, tari ɗaya ya isa ya yaɗa ƙwayar sanƙarau. Tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma yana iya rasa jinsa har abada. Iyayenmu ba su manta 1996 ba, shekarar da ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, Asibitin Zana na Kano ya cika maƙil.

Alamunta ba ɓoyayyu ba ne: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, amai, ƙin kallon haske. Jariri kuwa maɗigarsa ce ke kumbura, ya ƙi nono. In an ga haka, ba maganar kemis ba ce, ba kuma ta tsaga ko hayaƙi ba. Babban Asibitin Rano za a nufa a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Rigakafi ma akwai. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kare nau'i biyar na ƙwayar. Ku tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ku tafi da katin yaran a duba har ta ƙyanda.

Shawarata ga matasanmu: kowace unguwa ta tanadi lambar mai mota ɗaya da ya yarda a tashe shi cikin dare, a kuma yanke kuɗin mai tun yanzu.