Zango Biyu Sun Ishi Matafiyi: Shawara Ga Masu Niyyar Maroko



A 'yan shekarun nan fita ƙasar waje ta daina zama abin attajirai kaɗai a tsakaninmu. Ban da Hajji da Umara, yanzu 'yan kasuwa da malaman makaranta da 'ya'yan da Allah ya buɗa wa sukan haɗa kuɗi su ɗauki iyayensu, a tafi hutu ko ziyara. Cikin ƙasashen da sunansu ya fi yawo a bakin mutanenmu akwai Maroko, kuma hanyarta ta yi sauƙi, domin jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Akra ya dire Kasablanka cikin ƙasa da awa biyar. Mun yi murna da wannan buɗi, tafiya ai mabuɗin ilimi ce. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake zaɓen biranen da za a sauka, domin a nan ne kuɗin da aka shekara ana tarawa yake yin albarka ko ya bi iska.

Duk mai waya ya ga irin tallan da ke yawo a WhatsApp: birane bakwai cikin kwana goma. A sauka Kasablanka, a leƙa Rabat, a haura Tanja, a ratsa Shafshawan mai shuɗin bango, a gangara Fas, a shiga rairayin Marzuga a hau raƙumi, a ɓullo Marrakish, a koma filin jirgi. A kan takarda abin gwanin sha'awa. To amma mu ɗauki lissafi. Daga Kasablanka zuwa Rabat awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, daga Rabat zuwa Tanja awa ɗaya da 'yan mintoci a jirgin nan mai gudu da aka buɗe a 2018. Daga nan sauƙi ya ƙare. Shafshawan ba ta da tashar jirgin ƙasa, sai mota a kan hanyar duwatsu: fiye da awa biyu daga Tanja, wajen awa huɗu kuma zuwa Fas. Daga Fas zuwa Marzuga awa bakwai zuwa takwas, daga Marzuga zuwa Marrakish awa tara ko fiye, sannan wajen awa uku a koma Kasablanka. Jimilla kusan awa 30 ke nan mutum yana zaune a kujera. Cikin kwana goman, biyu na jirgin sama ne, uku hanya ta cinye, sauran biyar su ne za a raba wa birane bakwai. Kowane birni bai samu ko yini guda cikakke ba.

Wanda ya yi irin wannan tafiya yakan dawo da waya cike da hotuna, amma in ka tambaye shi a wane gari aka ɗauki wannan, sai ya yi jim. Mu da muke zaune a zauren dattawa mun san sauran labarin, domin nan ake kawo shi. Tsohuwar da ƙafarta ta kumbura tun kwana na uku, ta ƙarasa tafiyar tana jiran ayari a cikin mota. Dattijon da ya bar gida saboda Fas kaɗai, aka ba shi awa biyu a can aka ce mota za ta tashi. Abokan da suka fita suna raha, suka dawo ba sa ga maciji, wannan yana cewa an ɓata masa lokaci a kasuwa, wancan yana cewa an hana shi sayayya. Ba mugunta ce ta jawo ba. An so a tauna taura bakwai ne a baki ɗaya, alhali ko biyu ba sa taunuwa.

Ra'ayinmu shi ne a rage birane, a ƙara kwana. Ma'aunin da za a bi kuwa yana cikin karatun da muka yi tun muna zaure. Duk wanda ya karanta Risala ya san cewa a mazhabar Imam Malik matafiyi yana ƙasaru har sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ko abin da zai kai salla ashirin, daga nan sai ya cika sallarsa kamar ɗan gari. Malamai sun kafa wannan iyaka ne domin hukuncin salla, amma akwai sanin halin ɗan Adam a cikinta. Ranar farko gajiya ce da neman alƙibla. Rana ta biyu mutum yana ɓata a lunguna yana tambaya. Sai a rana ta uku yake gane masallacin unguwa da mai shayin da ba ya tsawwala kuɗi. A rana ta huɗu ne mai shago zai gane fuskarsa ya matsa masa kujera. Garin da ka bari kana ƙasaru, wucewa ka yi ta cikinsa. Saboda haka mai mako ɗaya ya zaɓi birni ɗaya. Mai kwana goma ya ba babban birninsa kwana huɗu cikakku, ya ba na biyu abin da ya rage. Mai kwana goma sha biyu shi ne zai iya cika salla a birane biyu.

Mu ne ya fi kamata mu san haka, domin sunan unguwanninmu ma daga tafiya ya fito. Zango masaukin ayari ne. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu, kuma aikin madugu shi ne sanin inda za a yada zango: inda akwai ruwa da ciyawa da aminci, gwargwadon ƙarfin jaki mafi rauni a ayarin. Madugun da ya kora ayari domin a ce ya ratsa garuruwa da yawa, ba za a sake binsa ba.

To waɗanne birane? A nan ma kada hoton da ya fi ƙyalli ya yi mana zaɓi. Mu tambayi kanmu wane gari ne muke da abin da za mu gane a cikinsa. Ga mutumin Zango, muna ganin Fas ce ta farko, Marrakish ta biyu.

Fas tana da masallacin Ƙarawiyyin, wanda wata baiwar Allah, Fatima al-Fihriyya, ta gina a shekarar 859, ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilimi na duniya. A wannan birni Ibnu Ajurrum, mai Ajuruma da muka fara nahawu da ita, ya rayu ya rasu a 1323. A nan Ibnu Ashir, wanda muke haddace baitocinsa na fiƙihu, ya rasu a 1631. A nan kuma zawiyar Shehu Ahmad Tijjani take, wanda ya zauna a birnin daga 1798 har rasuwarsa a 1815, kuma duk wanda ya shiga zawiyar zai tarar da baƙaƙen fata daga Senegal da Mali da Najeriya da sauran ƙasashenmu. In ka tsaya bayan magariba a masallaci, za ka ji jama'a sun yi da'ira suna karanta izu ɗaya tare, da ruwayar Warshu, irin wadda aka biya mana a allo. In ka buɗe Alƙur'aninsu za ka ga fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar rubutun malaminka na tsangaya. Wanda ya zo da hantsi ya tashi da azahar ba zai ji wannan karatu ba, balle ya zauna cikin da'irar.

Ga mai sana'a kuma akwai majemar Shuwara, inda har yau ake jima da rini a ramuka kamar yadda aka gada. Bahaushe ya tsaya a nan ya tuna cewa jar fatar akuyar Sakkwato da Kano ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Tsohon birnin Fas mota ba ta shiga yawancinsa, sai ƙafa da jaki da alfadari, lungunansa kuwa hawa ne da gangara. Wannan kaɗai ya isa dalilin ba shi kwanaki, musamman in akwai tsofaffi, domin a fita da safe a dawo a huta, a sake fita da la'asar.

Marrakish, wadda Murabiɗai suka kafa wajen shekarar 1070, ita ma ba baƙuwarmu ba ce. A can kabarin Alƙali Iyad yake, mai littafin Ashafa da malamanmu suke karantarwa, wanda ya rasu a 1149. A can kuma kabarin Imam Jazuli yake, mai Dala'ilul Khairati. Dukansu biyu suna cikin bayin Allah bakwai da birnin ya shahara da su. Can aka kai Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu bayan rundunar Maroko ta ci daular Songhai a 1591, ya yi shekaru a tsare, kuma a wannan zama ɗalibai suka yi ta tururuwa suna ɗaukar karatu a wurinsa. Wannan ɓangare na tarihi yana da ɗaci, kuma ya kamata 'ya'yanmu su ji shi a inda ya faru. Ga hasumiyar Kutubiyya ta ƙarni na 12, ga dandalin Jami'ul Fana da ke cika da masu abinci da masu wasa da zarar rana ta faɗi. Daga Fas zuwa Marrakish fiye da awa shida ne a jirgin ƙasa, don haka a ware wa hanyar yini guda, kada a ƙirga shi cikin kwanakin zama.

Kasablanka kuwa ƙofa ce, a ba ta daren shiga ko na fita. Ya isa a yi salla a masallacin Hassan na Biyu da aka kammala a 1993 a bakin teku, mai hasumiyar da ta kai mita 210, a leƙa unguwar Habus inda ake sayar da littattafai da jallabiya. Ɗan kasuwar da sari ya kai shi, wannan lissafinsa daban, shi Kasablanka ce babban zangonsa, sai ya faɗi haka tun a gida.

Mun san abin da za a ce mana. Wani zai ce: kuɗin nan sau ɗaya zan same su a rayuwa, ba gara in ga ko'ina ba? Muna girmama wannan magana, domin mun san yadda sidi yake narkewa in aka mayar da shi dala. Amma daidai wannan dalili ne ya sa muke cewa a rage. Kowane ƙarin gari ƙarin kuɗin mota ne da ɗaukar kaya da sabon masauki da sabon ɗan jagora, kuma abin da ake saye da kuɗin shi ne kallon gari ta tagar mota. Wanda ba zai sake dawowa ba shi ya fi buƙatar ya zauna ya ƙoshi. Wani kuma zai ce shi ba ya ziyarar kaburbura. Wannan saɓani ne da muka sani a Zango, ba kuma a wannan shafi za a warware shi ba. Ko an cire ziyara, Fas tana nan da Ƙarawiyyin da tsofaffin makarantunta da kasuwar littattafai, ma'aunin kwana huɗu kuma bai canza ba. Matasa za su ce Shafshawan da Marzuga su ne wuraren hoto. Gaskiya ne suna da kyau. Mai ƙarfin jiki da yalwar kwanaki ya je, amma kada a ja tsoho awa goma sha shida a mota, shiga da fita, domin ya hau raƙumi, alhali ubansa da raƙuma ya yi maƙwabtaka.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ga abin da muke roƙon kowane ayari ya yi tun kafin a biya kuɗi. A zauna gaba ɗaya, kowa ya faɗi abu guda da in bai gan shi ba zai ce tafiyarsa ba ta yi ba, a rubuta. Garin da buƙatu suka fi taruwa a kansa shi ne babban zango. A nemi mai shirya tafiyar ya rubuta awannin hanya tsakanin kowane gari da na gaba, da yawan dararen da za a kwana a kowanne, domin sunan gari a takarda ba ya nuna ko kwana za a yi ko fitsari za a tsaya. A duba inda Juma'a za ta riski ayari: yawancin shagunan tsohon birnin Fas a rufe suke ranar, ta dace da masallaci, ba ta dace da sayayya ba. A duba lokaci, domin zafin Marrakish a Yuli da Agusta yakan wuce digiri 40, sanyin Fas a Disamba da Janairu kuwa ya fi hunturun da muka sani nesa ba kusa ba. Watannin Maris zuwa Mayu da Satumba zuwa Nuwamba sun fi sauƙi ga tsofaffi. A tabbatar da ƙa'idar shiga ƙasar a ofishin jakadancinsu kafin a sayi tikiti. A tafi da mai jin Larabci ko Faransanci, domin Turancinmu na Gana ba ya nisa a lungunan Fas, Larabcin zaure kuwa, ko da za su yi murmushi, suna fahimtarsa kuma suna girmama mai shi. A ƙarshe a bar yini guda babu tsari a cikinsa, saboda ciwo ko gajiya ko wata gayyata ta cin abinci da Allah zai kawo.

Mun kawo Maroko ne misali, amma mai niyyar Masar ko Turkiyya ya ɗauki ma'aunin nan ya gwada. Alƙahira kaɗai, da Azhar da masallacin Amru bin As da na Ibnu Ɗulun, ta fi ƙarfin mako guda, haka ma Istanbul. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Allah ya sa mu fita lafiya mu dawo lafiya, ya sanya albarka a guzurinmu, ya jiƙan magabatanmu da suka yada zango a wannan ƙasa. Wassalamu alaikum.