Kada Ku Tumɓuke Gamba Daga Iyakar Gona

Ya ku manoman Ruwan Bore da na kewayen Gusau, Tsafe da Bungudu, ga magana a kan gamba. Kowa ya san ta: ciyawan nan mai tushe a dunƙule, wadda kan fi mutum tsawo. Ta kan fito a jigawa, da gindin dutse, da tsohuwar saura, inda wata ciyawa ba ta jimrewa. Saiwarta ta kan nutse ƙasa kusan ƙafa 10, shi ya sa rani ba ya kashe ta. Da an yi yayyafin fari sai ta yi toho, tun sauran daji yana bushe.

Iyayenmu da gangan suka dasa ta a iyakar gona. Yanzu kuwa sai ka ga mutum ya sa garmar shanu ya tumɓuke ta don ya ƙara kunya biyu ta gero. A ganinmu wannan cinikin hasara ne. Layin gamba shi ke tare ruwa sa'ad da ya gangaro daga tudu, ya riƙe ƙasa da taki kada su bi kwazazzabo zuwa Gulbin Sakkwato. Sa'an nan iyaka mai rai ba a matsa ta da dare. Shari'ar gona nawa ta kai gaban alƙali don iyaka ta ɓace? Balle a zo ga zana, da jinka, da abin da shanu za su ci da bazara.

Baƙi ma sun ga amfaninta. Irin da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, an raba shi ga makiyayan Kolambiya da Barazil a 1980. Amma fa gamba tana son hannu. A arewacin Ostareliya an bar ta ba yanka, ta cika daji, wutarta ta riƙa cin itatuwa, har hukuma ta hana dasa ta a 2008.

To, ku jira damina ta zauna, wajen watan Yuli. Ku tsaga tsohon tushe, ku dasa taki ɗaya ɗaya, a gicciye da gangare, gama ƙwayar irinta ba ta da tabbas wajen tsiro. Ta dabbobi a yanke tun tana ɗanya, kafin ta fid da kai ta yi tauri. Ta zana a bari sai kaka, in an yanke kuwa a tara ta nesa da rumbu saboda gobara.