Kowane gida ya shuka zogalensa

Ƴan'uwa mazauna Azagor, ganyen zogale, wanda muke kira tamakka, ba baƙo ba ne a tukunyarmu. Muna yin kwaɗo da shi, muna zuba shi cikin dambu da miya. Amma yawancin wanda muke ci saye muke yi. Daga kudu ake kawo shi, daga lambunan Jiratawa da Tibiri na bakin Gulbin Maradi, wani ma daga Najeriya. In azumi ya kama sai ya yi tsada. A ganina, lokaci ya yi da kowane gida zai mallaki nasa itatuwa, ko da guda biyar ne.

Babban dalili shi ne lafiyar yara. Ba mu manta da shekarar 2005 ba, lokacin da tamowa ta addabi yaran ƙasar Dakoro. Hatsi yana cika ciki, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro. Ganyen zogale yana ɗauke da abin gina jiki, da mai ƙara jini, da bitamin A mai kare ido. In yaro ya cika wata 6, uwa ta riƙa zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin ganyen cikin kununsa, tana ci gaba da ba shi nono.

Wani zai ce: ina ruwan ban-ruwa a ƙasar da rijiya ke da zurfi? Zogale yana da saiwa mai kauri mai jure fari. Ruwan alwala da na wanke hatsi sun ishe shi da rani, in an shuka shi kusa da inda ake zubar da su. Babban abokin gabansa akuya ce. Wanda bai yi shinge na ƙaya ba, dabbobi ya shuka wa.

Ga yadda ake yi. Da farkon damana a haƙa rami, a gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki. A sa ƙwaya 2, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. A bar taku 2 tsakanin rami da rami. Cikin mako 2 zai tsiro. Kada a shuka inda ruwa ke kwanciya, saiwar ruɓewa take yi. In ya kai ƙugun mutum a datse kansa, don ya yi rassa da ganye mai yawa inda hannu ke kai.

Ganyen da za a ajiye, a wanke shi, a shanya a inuwa, domin rana tana rage amfaninsa. In ya bushe a daka, a tankaɗe, a rufe cikin kwano mai murfi. Mai saye a kasuwa kuma ya zaɓi ganye kore, marar rairayi da warin fumfuna.

Sai gargaɗi. Zogale abinci ne, ba ya maye gurbin likita. Yaron da ke rama ko zawo a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba. Mace mai ciki ta ci ganyen, amma ta guji saiwa da ɓawon itacen.

Mu nemi iri tun yanzu wajen malaman gona ko maƙwabta, kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damana mai albarka.