Ra'ayinmu: Fastar Ɗan Takara A Ƙofar Shago

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, tambaya ɗaya ce ke yawan fitowa daga bakin 'yan uwanmu masu shaguna da tireda da teburin shayi da tukubar tsire: shin ya dace mutum ya manna hoton ɗan takararsa ko tutar jam'iyyarsa a wurin sana'arsa? Wasu na cewa 'yanci ne, ba mai hana su. Wasu kuwa na cewa neman rigima ne da rana tsaka. Tun da yake maganar ta shafi abincin iyalanmu da zaman lafiyarmu a nan kudu, ya zama wajibi mu bayyana matsayinmu.

Da farko dai, ta fuskar doka babu wata tababa. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sashe na 40 ya ba shi damar shiga jam'iyyar da yake so, sashe na 41 ya ce yana iya zama a duk inda ya ga dama a Nijeriya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin garinsu ko ra'ayinsa na siyasa. Don haka Bahaushen da ke sayar da tumatir a Mile 12 ko goro a Shagamu yana da 'yanci daidai da na maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa ta. Wanda kakansa ya haifi ubansa a can, ba wanda zai ce masa ya yi shiru don wai shi baƙo ne.

To amma samun 'yanci daban, sanin inda za a yi amfani da shi daban. Shago wuri ne na kowa da kowa. Matar da ke sayen albasa a wurinka shekara goma, wataƙila ɗan takarar da kake zagi shi take so. Direban da ke cin tsirenka kowane dare, mai yiwuwa a wata jam'iyyar yake. Ranar da ka manna fasta a ƙofa, ka raba masu cinikinka gida biyu da hannunka. Ɗan takarar da ka yi dominsa kuwa bai san sunanka ba, kuma in ciniki ya ja baya ba shi zai biya maka kuɗin haya ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A garin da muke 'yan tsiraru, abin da mutum ɗaya ya yi, da sunan Hausawa duka ake kiransa. Ba mu manta da rikicin Shagamu na Yulin 1999 ba, da na Idi-Araba a Legas a 2002, da na Mile 12 a 2016, da na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, wanda ya faro daga 'yar gardama a gaban wani shago ya ƙare da asarar rayuka da ƙone rumfuna. Ba fasta ce ta jawo ko ɗaya daga cikinsu ba, amma sun nuna mana yadda ƙaramin abu ke zama gobara in zukata sun riga sun yi zafi, kuma babu lokacin da suka fi zafi kamar lokacin zaɓe. A zaɓen gwamna na Legas a 2023 an ga yadda aka tsorata 'yan kasuwa Ibo a wasu unguwanni saboda zaton da ake yi wa ƙuri'arsu. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma dokokin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba. Dokar Zaɓe ta 2010, da ta 2022 da ta biyo bayanta, duk sun hana tallata ɗan takara ko nuna alamar jam'iyya a cikin mita 300 daga rumfar zaɓe a ranar jefa ƙuri'a. Shaguna nawa ne namu ke jikin makarantun da ake zaɓe a cikinsu? A Legas kuma akwai hukumar LASAA, wadda aka kafa a 2006 don kula da alluna da tallace-tallace a kan tituna. Sannan galibinmu haya muke yi, mai gida na iya fakewa da fasta ya nemi shagonsa.

Masu cewa in muka ɓoye kanmu 'yan siyasa za su manta da mu, suna da gaskiyarsu. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, 'ya'yanmu na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Ke nan ba mu da damar juya wa siyasa baya. Sai dai ɗan siyasa ƙuri'a yake ƙirgawa. Unguwar da aka san tana da dubban masu katin zaɓe, da ƙafarsa zai zo gidan Sarkin Hausawa ya ji bukatunta. Amma har yau da yawanmu rajistarsu na can Kano ko Sakkwato ko Katsina, alhali hukumar INEC na ba da damar mayar da rajista inda mutum yake zaune. Wanda ke son a ji muryarsa, a nan ya kamata ya fara, kuma da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawararmu ita ce a bar shago ya zama na ciniki. Mai son yi wa jam'iyya aiki, ofishin mazaɓa na nan, filin taro na nan. Kada kowa ya karɓi 'yan kuɗi a hannun yaran 'yan siyasa ya ba su bangon shagonsa, domin za su manna su tafi, shi zai kwana da abin da ya biyo baya. Iyaye su ja kunnen yaran da ke jiran shago game da musun siyasa da masu saye.

Duk da haka, wanda ya auna ya ga zai manna fastarsa, doka na tare da shi, mu ma ba za mu yarda a ci zarafinsa ba. Haka nan ba mai ikon tilasta wa ɗan uwanmu manna hoton wanda ba ya so, ko shugaban kasuwa ne ko ɗan tasha. In haka ta faru, kada a yi faɗa. A sanar da Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiya nan take, a kai ƙara ofishin 'yan sanda a rubuce.

Marigayi Waziri Ibrahim ya yi ta kiran a yi siyasa ba da gaba ba tun zaɓen 1979. Zaɓe na kwana ɗaya ne, maƙwabtaka kuwa ta kullum ce. Allah ya zaunar da mu lafiya, ya sa albarka a neman kowa.