Ilmin 'Ya Mace Ba Ya Rushe Gida

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili a wannan mujalla tamu, in faɗi ra'ayina a kan wata magana wadda kowannenmu zai gamu da ita ran da ya fita ya kama alli. Maganar kuwa ita ce wadda iyaye da yawa su ke yi har gobe, wai idan yarinya ta yi zurfi cikin karatu ta ɓata ke nan, ba za ta riƙe gidan miji ba, ba kuwa za ta ƙara sanin mutanen garinsu ba. Ni dai ban yarda ba. Shaidar da zan kawo ita ce rayuwar wata lauya ta ƙasar Amurka, Sandra Day O'Connor, wadda ta rasu ran 1 ga Disamba, 2023, tana da shekara 93.

An haife ta a 1930. Ta tashi a wata babbar gonar kiwon shanu can cikin dajin Arizona, ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, gidansu kuwa babu lantarki babu famfo har ta kai shekara 7. Tun tana ƙarama ta iya hawan doki da tuƙin mota, tana bin makiyayan ubanta. Da ya ke babu makarantar kirki kusa, sai iyayenta suka aike ta wurin kakarta a birnin El Paso don ta yi karatu. Jama'a, ku lura da wannan. Makiyayi ne ya rabu da 'yarsa don makaranta, alhali yana da aikin da zai sa ta a gida.

Ta shiga Jami'ar Stanford tana da shekara 16, ta gama karatun lauya a 1952, tana cikin waɗanda suka fi ƙoƙari a ajinsu. A shekarar nan kuma ta auri wani abokin karatunta, John O'Connor. To, sai neman aiki. Ofisoshin lauyoyi duka suka ƙi ta, domin ba su ɗaukar mata. Wani babban ofishi a Los Angeles ya ce in tana so ya ɗauke ta sakatariya, watau ta riƙa buga wa maza takardu. Ba ta yi fushi ta koma gida ba. Sai ta tafi wurin lauyan gundumar San Mateo, ta ce ta yarda ta fara aiki ba albashi, a sa mata tebur kusa da na sakatariyarsa. Da haka ta sami shiga.

Ga inda masu waccan magana ya kamata su kasa kunne. Bayan ita da mijinta sun zauna a Jamus, inda ya yi aikin soja, sun komo birnin Phoenix a 1957, ta buɗe ɗan ofishinta da wani lauya, tana karɓar ƙananan ƙararrakin mutanen unguwa. Allah ya ba su 'ya'ya maza uku. Da ta haifi na biyu a 1960, mai yi mata reno kuma ta tashi, sai ta ajiye aikin, ta zauna gida shekara biyar. A cikin shekarun nan ba ta naɗe hannu ba. Tana reno, tana aikin ƙungiyoyin taimakon jama'a na garin ba da biya ba, tana kuma yi wa jam'iyyarta hidima a unguwa. Nan ne mutanen Arizona suka san ta, suka ga irin riƙon amanarta.

Da ta koma aiki a 1965, sai ƙofofi suka yi ta buɗewa. A 1969 ta shiga majalisar dattawa ta jihar Arizona, a 1973 ta zama shugabar masu rinjaye a majalisar, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba a kowace jiha ta Amurka. A 1975 ta hau kujerar joji. Sa'an nan a 1981 Shugaba Ronald Reagan ya zaɓe ta don Kotun Ƙoli ta ƙasar duka, 'yan majalisar dattawa 99 suka amince, ba ko ɗaya da ya ƙi. Tun da aka kafa kotun nan a 1789, maza 101 suka zauna cikinta kafin mace ɗaya ta shiga. Kada mu yi wa Amurkawa dariya, gama mu nan Nijeriya sai a 2005 mace ta fara shiga Kotun Ƙolinmu, watau Mai Shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta zama Babbar Jojin ƙasa a 2012.

Ban ce kowane hukuncin da Sandra ta yanke ya gamshi kowa ba. An soke ta ƙwarai a kan shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta 2000. Amma akwai wani hukunci nata na 1982 da na ke so malamai su sani. Wani namiji ne ya nemi shiga makarantar koyon aikin jinya ta gwamnati a jihar Mississippi, aka hana shi, wai makarantar ta mata ce kaɗai. Sandra ce ta rubuta hukuncin kotu, ta nuna hanin nan ya saɓa wa tsarin mulki. Ita da aka taɓa rufe wa ƙofa don tana mace, ba ta yarda a rufe wa namiji ƙofa don yana namiji ba.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ta bar kujerar. Jojin Kotun Ƙoli a Amurka ba shi da shekarun ritaya, yana nan har mutuwa in ya ga dama. Amma mijinta ya kamu da ciwon mantuwa da a ke kira Alzheimer, ciwon da ke cin tunanin mutum kaɗan kaɗan har ya manta da nasa. Da abin ya yi tsanani, takan zo da shi ofis ya zauna kusa da ita tana aiki. Da ta ga haka ba zai ɗore ba, sai ta ba da sanarwa a 2005, ta sauka a Janairu 2006, alhali da sauran ƙarfinta. Ba a daɗe ba ciwon ya fi ƙarfin jinyar gida, aka kai shi gidan kula da masu irin wannan ciwo. A can ya shaƙu da wata mata marar lafiya irinsa. Ɗansu ya faɗa wa 'yan jarida a 2007 cewa uwarsu ba ta yi kishi ba, murna ma ta yi da ta ga hankalin mijinta ya kwanta. Ya rasu a 2009.

Na san abin da waɗansu za su ce, musamman 'yan'uwanmu mata na wannan kwaleji. Za su ce ai asara aka yi, gama namiji aka naɗa a madadinta, kotun ta koma da mace ɗaya tak, jinyar da ta sauka dominta kuwa ba ta daɗe a hannunta ba. Za su kuma tambaya, don me kullum mace ce za ta ajiye aikinta? Tambayar tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Amma ga abin da a kan manta. A 1981, da aka kira Sandra zuwa Washington, mijinta babban lauya ne a Phoenix, mai suna da jama'a. Ya bar wannan duka ya bi matarsa. Shi ya fara sadaukarwa, ita ta rama bayan shekara 24. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan da ilmin mace ba ya rushe shi, gida ne da miji ma ya san akwai ran da zai ɗauki nasa kason.

Bayan ta sauka, sai ta juyo ga aikinmu, watau koyarwa. Ta lura yaran Amurka da yawa ba su san yadda a ke mulkin ƙasarsu ba, ba su san aikin majalisa ko na kotu ba. A 2009 ta kafa iCivics, inda a ke koya wa 'yan makaranta waɗannan abubuwa ta hanyar wasanni a intanet, kyauta, tare da darussan da malami zai yi amfani da su a aji. Ta yi ta wannan hidima har 2018, sa'ad da ta rubuta wa jama'a takarda cewa ita ma ciwon mantuwa ya kama ta, za ta janye daga idon jama'a.

To, 'yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu. Wata rana wani uba zai zo ya ce zai cire 'yarsa daga aji shida, don kada boko ya lalata ta. Kada mu yi masa gatsali, gama tsoronsa na uba ne, gidan 'yarsa ya ke ji wa. Mu shimfiɗa masa tabarma, mu ba shi labarin 'yar makiyayin nan da ta goyi 'ya'ya uku, ta yi wa garinsu hidima, ta yi shari'a shekara 24 a kotu mafi girma, ta kuma sauka don jinyar miji. Sa'an nan mu koma aji mu ba yara maza labarin John O'Connor, domin su ne mazan da 'yan matan nan za su aura. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.