Ana Yankan Albashi, Gida Bai Samu Ba

Tun 1992 da aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikacin gwamnati duk wata, bisa alkawarin rancen gida. Yankan ba ya makara. Rancen kuwa tafiyar hawainiya yake yi.

Ga ma'aikaci a Mubi ya samu gida a Digil, an yi ciniki, an sallama. Banki ya ce takardar dagaci ba ta isa jingina ba, sai shaidar mallaka mai sa hannun Gwamna. Dokar Filaye ta 1978 kuma ta hana jinginar da irin wannan fili sai da yardar Gwamnan. Takardu su tafi Yola su kwanta, sannan a jira Bankin Rancen Gidaje na Tarayya a Abuja. Kafin a ankara mai gida ya gaji da gafara sa, ya sayar wa attajiri mai kuɗi a hannu.

Shin wa dokar nan take karewa? Me ya haɗa Gwamna mai ɗauke da jiha guda da ɗaki uku a Digil? Lalle a gyara dokar, a ba jami'i a Mubi ikon sa hannu, a kuma yanka masa wa'adi.