Reims: an maido da mutum-mutumin sojojin Afirka, amma wa ke riƙe da tuta?

A lambun shaƙatawa na Parc de Champagne, a birnin Reims na Faransa, akwai mutum-mutumin tagulla na sojojin Afirka huɗu kewaye da hafsa Bature mai riƙe da tutar Faransa. Ba shi ne na asali ba. An ƙaddamar da na farko a 1924, don tunawa da sojojin da suka tsare birnin daga Jamusawa a 1918. A 1940 'yan Nazi suka tumɓuke shi, suka yi gaba da shi. Da aka tashi sake yin sa, sai da aka koma Bamako, inda tagwayensa ke tsaye har yau, aka ɗauko siffarsa. An kafa sabon a 2013. Emmanuel Macron da Ibrahim Boubacar Keïta suka ƙaddamar da shi a Nuwambar 2018.

Aikin ya cancanci yabo. Waɗannan sojoji, da ake kira 'yan Sanagal, daga duk Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka kwaso su, har da Nijar, da yawansu bisa tilas.

Sai dai wanda ya gyara mutum-mutumi ya farfaɗo da saƙon da aka sassaƙa shi da shi. Tsarin 1924 ne ya dawo: Bature a tsakiya da tuta, baƙaƙe na gadinsa. Tagullar ba ta faɗin cewa dokar 1959 ta daskarar da kuɗin fanshon waɗannan mazan jiya, yayin da na abokan yaƙinsu Faransawa ke ta hawa, kuma ba a fara daidaita su ba sai a 2007, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Yamai ta bi wata hanya. A Oktoban 2024 hukumomi suka sauya wa wurin tunawa da mamatan yaƙe-yaƙen duniya biyu suna zuwa Bubandey Batama, don ya haɗa duk waɗanda suka rasu tun zamanin mulkin mallaka. Sauya suna ya fi narka tagulla araha, amma shi ma bai ambaci sojan ko ɗaya da sunansa da garinsu ba. Wannan aiki na jiran wanda zai zauna da jikokinsu a Damagaram, Maraɗi da Tawa, tun lambobin yabon kakanni ba su ɓace daga akwatuna ba.